Gueuze ta Cantillon: abin da ke cikin kwalbar, da inda takan ɓaci

Masu bin giya mai tsami hankalinsu ya fi karkata ga kwalaben da ake rububi na Cantillon, wani gidan yin giya a Brussels. Hirarsu ba ta wuce giyoyin gidan na musamman: ko Fou' Foune ta fito, wace mashaya ce za ta samu Zwanze, nawa aka sayar da Lou Pepe a hannu na biyu. Kwalbar da ya kamata a auna gidan da ita kuwa tana nan a kan kanta, ba mai yi mata layi. Ita ce Gueuze 100% Lambic Bio, mai barasa kashi 5.5 cikin ɗari, a kwalba mai santilita 37.5 ko 75. Babu 'ya'yan itace a cikinta, babu sukarin da aka ƙara, don haka babu abin da zai rufa wa mai haɗi asiri in hannunsa ya kuskure. Alkama ce da sha'ir da furen hop (tsiron da ke ba giya ɗaci) da ruwa, sai shekarun da ta yi a ganga. Giya ce mai barasa ta gaske, tsaminta bai mai da ita kunu ba, wanda ba ya sha saboda addini ko lafiya ya san da haka tun daga farko.

Gidan yana lamba 56 a titin Gheude, unguwar Anderlecht a Brussels ta ƙasar Beljiyam, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga tashar jirgin ƙasa ta Midi. Paul Cantillon ne ya kafa shi a 1900. Da farko sayen lambic, wato giyar alkama da sha'ir da ba a zuba wa yisti, suke yi a wajen wasu su haɗa, sai a ƙarshen shekarun 1930 suka fara dafa nasu. Bayan yaƙin duniya na biyu kasuwa ta juya wa tsami baya. Manyan kamfanoni suka riƙa tace giyar, su dumama ta don kashe yistinta, su zuba mata zaƙi, su kuma ci gaba da kiranta gueuze. Gidajen gargajiya na Brussels suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Jean-Pierre Van Roy, surukin gidan, ya ƙi bin wannan hanya, a 1978 ya buɗe wajen ga baƙi a matsayin gidan tarihin gueuze, kuɗin masu ziyara ya taimaka aka tsallake shekarun wuya. Ɗansa Jean Van Roy ne ke riƙe da aikin yanzu, kuma tun 1999 hatsin da aka noma ba tare da takin zamani ko maganin feshi ba suke amfani da shi, dalilin kalmar Bio ke nan a jikin kwalbar.

Ba za a gane ɗanɗanon gueuze ba sai an san yadda ake dafa lambic, domin gueuze haɗin lambic ne na shekaru daban-daban. Dahuwa ɗaya a Cantillon tana cin kimanin kilo 850 na sha'ir da aka tsirar da kilo 450 na ɗanyar alkama, wato kashi 65 da kashi 35. Mai dafa giyar yau da kullum burinsa duk sitacin hatsi ya narke ya zama sukari mai sauƙi wanda yisti zai cinye cikin mako guda ko biyu. A nan da gangan ake hana hakan. Ana kwaɓa garin da ruwa kaɗan ya yi kauri, a ƙara ruwan zafi, sannan a tsame wani ɓangare na ruwan yana fari fat kamar gasara, a kai shi tukunya a dumama ya haura digiri 80 na ma'aunin Celsius. Wannan zafin yana kashe sinadaran tsiro da ke farfasa sitaci, sai sitacin ya tsaya yadda yake. Ana yin haka sau biyu, a mayar da shi daga baya, a kuma wanke dusar da ruwa mai zafin gaske wanda ke jawo ɗan bauri daga ɓawon hatsi. Abin da ya fito ruwa ne mai ɗauke da abincin da yistin farko ba zai iya ci ba. Guzuri ne aka ajiye wa ƙwayoyin da za su zo bayan wata shida, bayan shekara, bayan shekara biyu. Duk wanda ya gwada yin irin wannan giya da ruwan hatsin da ya narke sarai, abin da yakan samu shi ne giya siririya mai tsami kawai, ba jiki ba zurfi, saboda abinci ya ƙare tun kafin masu aikin ƙarshe su iso.

Furen hop ɗin ma tsoho ne, wanda ya shekara biyu zuwa uku a ajiye har ɗacinsa ya tafi, warinsa ya koma kamar na tsohon cuku. Ana zuba shi da yawa, domin ko da ɗacin ya gudu, ƙarfinsa na danne wasu bakteriya yana nan. Shi ke hana tsamin ya yi gudu tun a makonnin farko. Tafasa tana ɗaukar awa uku zuwa huɗu, lita 10,000 ta ƙone ta dawo kusan 7,500, warin cukun kuma ya bi tururi.

Daga nan ake tura ruwan can ƙarƙashin rufin gini, cikin wani makeken faranti na jan ƙarfe, mai faɗi amma ba zurfi, wanda aka haɗa da ƙusoshi. Wanda ya hau wajen da yamma ba ya ganin bango saboda tururi, katakon rufi yana ɗigar da raɓa, iskar hunturu tana shigowa ta tagogin katako masu tsaga-tsaga ta bi ta saman ruwan. Haka zai kwana a buɗe. Da safe ya sauko wajen digiri 18 zuwa 20, ya kuma kwashi yisti da bakteriya daga iska da katakon ɗakin. Ba a zuba masa yisti ko cokali ɗaya. Shi ya sa lokacin dahuwa daga ƙarshen Oktoba ne zuwa wajen farkon Afrilu, sa'ad da dare ke da sanyi sosai. In dare ya yi ɗumi, ruwan yakan daɗe a zafin da miyagun ƙwayoyi ke so, dahuwar ta lalace. A kakar 2015 sai da gidan ya dakatar da aiki na ɗan lokaci saboda ɗumin dare, kuma Jean Van Roy ya sha faɗa a fili cewa lokacin dahuwa yana ƙara gajarta idan aka kwatanta da zamanin kakansa.

Gangunan na katako ne, galibi tsofaffin gangunan ruwan inabi masu cin lita 225 zuwa 500. A nan akwai abin da masu zuwa daga giyar Amurka suke yawan ruɗewa a kai. Baƙar giya irin Bourbon County ta Goose Island a Chicago ana saka ta a gangar da aka juye wiski daga ciki, don ta sha ƙamshin wiskin da na ƙonannen katako. Gangar lambic kuwa tsohuwa ake so, wadda ta gama ba da ɗanɗanonta. Amfaninta biyu ne: ƙofofin katako gida ne ga ƙwayoyin da ake buƙata, kuma iska tana ratsawa kaɗan-kaɗan. Ƙwayar da ake maraba da ita a ɗaya annoba ce a ɗayan. Wasu daga cikin kwalaben Bourbon County na 2015 bakteriyar tsami ta shige su, kamfanin ya mayar wa mutane kuɗinsu, daga baya ya koma dumama giyar kafin a rufe kwalba.

Kwanaki kaɗan bayan an cika ganga, kumfa yakan fara bulbulowa ta bakinta yana gangarowa, don haka ba a toshe ta sai ya lafa. Ƙwayoyin suna karɓar aiki ne bi da bi. A makonnin farko wasu bakteriya ne ke rinjaye, kuma lambic na wannan lokacin ba abin sha ba ne ko kaɗan. Sai yistin Saccharomyces ya cinye sukari mai sauƙi ya samar da barasa cikin 'yan watanni. Da zafi ya fara shigowa, bakteriyar Pediococcus ta tashi ta fara zuba tsami, irin tsamin da ke cikin nono da kamu. Mai shan burkutu ko pito a Filato da arewacin Ghana ya san wannan tsamin, bambancin kawai nasu na kwana biyu ne zuwa uku, ana shansa yana kan aiki. A wannan zangon wata gangar takan yi abin da masu sana'ar ke kira ciwo: giyar ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, in an ɗiba tana jan zare. Ba a zubar da ita. Yistin Brettanomyces, wanda wani nau'insa sunan Brussels aka laƙaba masa, shi ke zuwa ƙarshe ya cinye yauƙin da ragowar sitacin, ya bar ƙamshin busasshiyar ciyawa da jemammiyar fata. Ba a ƙara wa ganga giya in ta ragu, saɓanin masu ruwan inabi da ke ƙarawa. Wata farar yana ce ke taruwa a sama tana kare ta daga iska. Cikin shekara uku kusan kashi 20 na abin da aka zuba yakan bi iska. Saƙar gizo-gizon da baƙo zai gani tsakanin ganguna ma da saninsu aka bar ta, gizo-gizon ne ke kama ƙananan ƙudajen da ke yawo da bakteriyar khal, musamman lokacin da 'ya'yan itace suka shigo.

Haɗi shi ne zuciyar sana'ar, kuma nan ne nake ganin ba a ba gidan nan haƙƙinsa yadda ya kamata. Lambic mai shekara uku ta bushe ƙayau, ba kumfa, ƙamshinta mai zurfi, tsaminta ya kwanta. Mai shekara biyu ita ce ƙashin baya. Mai shekara ɗaya tana da sauran sukari da yisti mai rai, ita ce za ta tayar da kumfa a kwalba. Mai haɗi yana bin ganguna ɗaya-ɗaya yana ɗanɗanawa, domin ganga biyu da aka cika rana ɗaya daga tukunya ɗaya sukan bambanta kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Wata ta yi laushi, wata ta yi kaifi, wata khal ya taɓa ta sai dai a zubar ko a saka ɗan kaɗan don ta ɗaga sauran. Bayan harshe akwai lissafi. Kowane giram 4 na sukari a lita, in yisti ya cinye shi a rufaffiyar kwalba, yana ba da iskar da ta kai girman ruwan sau ɗaya. Giyar kanti takan ɗauki kamar ninki biyu da rabi, gueuze kuwa ninki uku zuwa huɗu, wani lokaci fiye. In ƙaramar lambic ta yi yawa a haɗin, kwalba ta yi ta feshi ko ta fashe a ɗakin ajiya. In ta yi kaɗan, giyar ta fito a kwance ba kumfa. Ga shi sukarin da Brettanomyces zai ci nan da shekara guda ba ya bayyana sarai a ma'auni yau, sai wanda ya san gangunansa. Bayan an rufe da toshiya an ɗora murfin ƙarfe irin na kwalbar lemo, ana kwantar da kwalaben a jere su yi watanni, sau da yawa kusan shekara, kafin su fita kasuwa.

Dokar Tarayyar Turai ta 1997 ta ce kafin a rubuta Oude Geuze, wato tsohuwar gueuze, a kwalba, dole alkamar ta kai aƙalla kashi 30, mafi tsufa a haɗin ya shekara uku a katako, matsakaicin shekarun haɗin kuma kada ya gaza ɗaya. Cantillon ba ta rubuta wannan suna, ba ta kuma cikin ƙungiyar HORAL da sauran gidajen lambic suka kafa a shekarar, amma aikinta ya cika sharuɗɗan har da ƙari. Ga sauran gidaje, kalmar Oude ita ce abin dubawa. In babu ita, akwai yiwuwar mai zaƙin nan ce da aka tace.

A kofi, launinta ruwan zinariya ne mai ɗan duhu, kumfa fari mai tashi da sauri ya sauka ya bar zobe a gefe. Hanci yana fara cin karo da ɓawon lemon tsami da ɗanyen tuffa, sannan harawa, sannan wani ƙamshi na ɗaki mai sanyi da tsohon katako. Kurɓar farko tana da kaifi, tana tsinka yawu a gefen harshe. Ta biyu ce ke nuna aikin: tsamin ya buɗe, gardin alkama ya fito a tsakiya kamar ɓawon burodi, ƙarshe ya bushe tas da ɗan bauri da ɗan ɗaci siriri. Zaƙi babu ko ɗis, amma bakin ba ya jin ta kamar ruwa, wannan kuwa albarkacin farin ruwan nan ne da aka tsame tun ranar dahuwa. Tana tafiya da cuku mai ƙarfi, da kifi, da duk abinci mai maiƙo, domin tana wanke baki.

Tana da aibu, kuma ya kamata mai saye ya sani. Kwalbar da ba ta daɗe da fitowa ba sau da yawa tsaminta a tsaye yake, bai gama saje da sauran ba, wani lokaci da ɗan warin ƙwai wanda ke gushewa in kofi ya sha iska minti biyar. Shekara ɗaya zuwa uku a ajiye tana gyara wannan sosai. Sannan haɗin bana ba ya zama daidai da na bara. Wanda ya saba da giyar da ba ta canzawa zai ga kamar rashin tsari ne, kuma gaskiya akwai shekarar da ta fi wata. Ranar da aka rufe kwalbar tana rubuce, a duba kafin a biya.

Akwai kuma lalacewa ta gaske, wadda ba halin giyar ba ce. Warin ruwan goge jan farce mai hawa kai, tare da tsamin khal mai ƙona maƙogwaro, alama ce iska ta shiga, ko a ganga ko ta toshiyar da ta bushe. Warin jiƙaƙƙen kwali ko rumfar da ta yi fumfuna daga toshiyar yake, ba ya kuma gyaruwa. Akwai wani ɗanɗano da ba a jinsa a hanci, sai bayan an haɗiye ya taso kamar warin ɓera a rumbu. Wannan ya fi yawa a giya mai tsami da aka yi gaggawar fitarwa, kuma yakan tafi in an ƙara mata watanni. Ƙamshin man shanu mai nauyi daga Pediococcus yake, yana nuna Brettanomyces bai gama shara ba.

Idan aka jera ta da 'yan uwanta, Cantillon ce mai kaifi. Oude Geuze ta gidan 3 Fonteinen ta fi zagaye da ƙamshin lemo, kuma suna rubuta lambar haɗi da lokacinsa a takardar baya, abin da ke taimakon mai tara kwalabe ƙwarai. Ta Boon daga Lembeek, mai kashi 7, a manyan gangunan katako take tsufa, ta fi laushi, ta fi sauƙin samu, haɗinta kuma bai cika bambanta ba daga shekara zuwa shekara. Wanda bai taɓa shan gueuze ba, da Boon ya kamata ya fara. Tilquin, da Pierre Tilquin ya kafa a 2009, ta yi suna ne da haɗa lambic na gidaje daban-daban, har da na Cantillon. Rodenbach ta Roeselare wata hanya ce daban, ja ce mai zaƙi-zaƙi da ɗan khal, yistinta zuba shi ake yi, kada a auna ta da wannan ma'auni.

Kwalaben Cantillon masu 'ya'yan itace suna da kyau, ba musu. Kriek tana ɗaukar giram 200 na ceri a kowace lita, Rosé de Gambrinus giram 200 na rasberi, Fou' Foune giram 300 na abirikot. Sai dai ƙamshin 'ya'yan itace shi ke fara gudu. Fou' Foune da ta shekara biyar tana yawo hannu zuwa hannu, aka saya da ninkin kuɗinta sau da yawa, abirikot ɗin ya riga ya dushe, abin da ya rage tsami ne wanda gueuze ta fi shi tsari. A sha su cikin shekara ɗaya ko biyu. Wanda yake son ya ji tsohuwar lambic ita kaɗai kafin a haɗa ta, ya nemi Grand Cru Bruocsella, mai shekara uku, ba kumfa. Shan ta gefe da gefe da gueuze yana koyar da abin da ƙaramar lambic ke ƙarawa fiye da kowane bayani. A gidan kansa farashi yana da sauƙi, amma suna ƙayyade yawan abin da mutum ɗaya zai ɗauka, wasu kwalaben kuma a nan kawai ake buɗe su a sha.

Ajiya tana son duhu da sanyi wanda ba ya hawa yana sauka, wajen digiri 12 zuwa 15. Gidan da kansa yana ba gueuze shekara ashirin daga ranar rufewa. Zafi ne babban maƙiyinta, domin giya ce mai rai. A watan Mayun 2009 na'urar daidaita zafi ta lalace a ɗakin ajiyar 3 Fonteinen, zafi ya kai kusan digiri 60, kwalabe fiye da 80,000 suka lalace, wasu suka farfashe. Kwalbar da ta kwana a bayan mota ko a sito mai rufin kwano a ƙasa mai zafi, ko ba ta fashe ba, ta tsufa kafin lokacinta.

Kafin a buɗe, a tsayar da ita kwana ɗaya ko biyu guggubin yisti ya kwanta a gindi, ko a ɗauko ta a kwance yadda take a saka a kwandon da aka yi don haka. Kada ta yi sanyin ƙanƙara, sanyi mai yawa yana rufe ƙamshi ya bar tsami tsirara. A cire ta daga firiji kamar minti ashirin kafin lokaci. A ɓalle murfin ƙarfen, a goge saman toshiyar in ta yi damshi, a zare ta a hankali kwalbar tana karkace, kofi yana kusa ko da za ta yi feshi. A zuba a tafi ɗaya ba tare da an miƙar da kwalbar tsakanin kofi da kofi ba, don kada guggubin ya tashi. A bar kamar faɗin yatsa biyu a gindi. Wanda ke son ɗanɗanon yistin ya juye ragowar a wani ƙaramin kofi daban, ta fi ɗaci da kauri, kuma tana gurɓata na farkon in an haɗa su.